Kundin Aiki: Kanel ɗin da Zai Nuna Mana Inda Lokaci Yake Tafiya

Litinin, 4 Nuwamba 2024

Wannan kundi na sabar cibiyarmu ce ta koyar da kwamfuta a Tudun Wadan Zariya. Yara masu shirin jarrabawar JAMB suna gwaji a kan kwamfutoci 30, dukkansu kuma a jikin saba ɗaya suke rataye: tsohuwar Core i5 ƙarni na uku, RAM ɗinta 4 GB, faifanta mai juyawa ne, tana kan Debian 12, manhajar gwajin kuma a MariaDB, manhajar ma'ajiyar bayanai, take ajiye amsoshi. Da zarar aji ya cika kowa ya fara danna amsa, sai allo ya tsaya cak na wasu daƙiƙu kafin tambaya ta gaba ta fito. Yaron da ake koya wa tsere da agogo, wannan tsayawar tana rikita shi ƙwarai.

Alhaji, mai cibiyar, ya ce a sayi sabuwar kwamfuta kowa ya huta. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, a ɗan ba ni lokaci in gano inda ciwon yake. Idan furosesa ce ta gaza sai a saya. Idan ba ita ba ce, kuɗin ne kawai za su tafi." Ya amince, da sharaɗin kada aji ko ɗaya ya tsaya saboda gwaje-gwajena.

Abin da zai ba aikin wuya shi ne kanel ɗin da muke hawa, wato zuciyar Linux da ke tsakanin manhajoji da kayan injin, ba na Debian ba ne. Namu ne na gida, Linux 6.6, wanda aka rage masa kaya sosai don kwamfutocin ɗalibai su riƙa tashi ta hanyar sadarwa da sauri. Babu modul, wato ɓangaren kanel da ake lodawa bayan tashi, a cikinsa ko ɗaya, komai a dunƙule yake, kuma an cire duk kayan bin diddigi. Na Debian yana da su, amma likita ba ya auna zafin jikin maƙwabci ya rubuta wa mara lafiya magani. Wanda muke hawa kullum shi nake so in auna. Saboda haka aikin shi ne a mayar masa da kayan awo, wato perf mai nuna inda furosesa ke kashe lokaci, da ftrace mai bin kiraye-kirayen cikin kanel, da abin da manhajar bin diddigi ta bpftrace ke buƙata, ba tare da an sake cika shi da kaya ba.

Laraba, 6 Nuwamba

Na sauko da tushen 6.6 sabo da daddare. Data ta ci kusan ₦1,500 tare da kunshin kayan gini. Na sa CONFIG_LOCALVERSION ya zama "-auna" don sabon kanel ya zauna kusa da tsohon a GRUB, jerin zaɓin da ke fitowa lokacin tashi, kada ya danne shi.

Asabar, 9 Nuwamba

Yau aka fara karo da ainihin matsalar, kuma ina so in rubuta ta dalla-dalla domin na tabbata za ta sake dawowa.

Yaron da ke koyon aiki a hannuna ya tattaro sunayen zaɓuɓɓukan da ake cewa a kunna, muka shigar da su da scripts/config ɗaya bayan ɗaya: PROFILING, OPROFILE, FUNCTION_TRACER, FUNCTION_GRAPH_TRACER, KPROBES, KPROBE_EVENTS, DEBUG_INFO, DEBUG_INFO_BTF. Kowanne ya shiga .config, fayil ɗin zaɓuɓɓukan ginin kanel, ba gardama. Muka yi make olddefconfig, umarnin da ke daidaita fayil ɗin kafin gini, shi ma bai ce uffan ba. Aka gina, aka tashi a kan sabon kanel bayan ajin yamma. Na leƙa /sys/kernel/tracing, inda ftrace ke zama, babu komai. Na koma .config, sai na tarar a cikin duk abin da muka rubuta PROFILING kaɗai ya tsira.

Yaron ya ce, "Malam, ai da idona na ga mun rubuta su." Gaskiyarsa ne. Abin da ya faru shi ne scripts/config rubutu kawai yake yi, ba ya duba ko sunan yana nan, balle ya duba sharuɗɗansa. Kconfig, tsarin da ke riƙe da sharuɗɗan kowane zaɓi, shi ne mai yanke hukunci. Idan ya karanta fayil ɗin, duk zaɓin da abin da ya dogara a kai bai cika ba sai ya share shi shiru, haka ma sunan da bai sani ba. Wato .config ɗin da ka rubuta roƙo ne, wanda ya fito bayan olddefconfig shi ne amsa.

Sai muka bi su ɗaya-ɗaya a make menuconfig. Idan ka danna alamar / ka rubuta suna, zai nuna maka layin "Depends on" da darajar kowane sharaɗi a gabansa, da layin "Selected by" mai nuna wanda ya tilasta kunna shi. OPROFILE babu shi kwata-kwata, an cire shi daga kanel tun 5.12 a 2021, amma tsofaffin bayanai har yau suna ambatonsa. FUNCTION_TRACER da KPROBE_EVENTS suna zaune ne a ƙarƙashin FTRACE, mu kuwa FTRACE ɗinmu a kashe yake. FUNCTION_GRAPH_TRACER ya dogara da FUNCTION_TRACER, sai ya bi shi suka faɗi tare. Na KPROBES da na DEBUG_INFO kowanne da labarinsa, na bar su zuwa wata rana.

Abu ɗaya da ya yi mini daɗi: PERF_EVENTS yana nan a kunne tun asali. A kan x86 tsarin injin ne da kansa yake zaɓar sa, ko ka so ba ka iya kashe shi. Ashe tun tuni kanel ɗinmu yana iya ƙirga bugun furosesa, manhajar perf ce kawai ba mu da ita.

Talata, 12 Nuwamba

Na daina taɓa .config da hannu. Na ajiye tsohon a matsayin asali.config, na buɗe ɗan ƙaramin fayil mai suna auna.config wanda ba komai a cikinsa sai abin da nake ƙarawa, kowane layi da bayanin dalilinsa a samansa. Ana haɗa su da scripts/kconfig/merge_config.sh. Amfaninsa shi ne idan ya gama yana kwatanta abin da ka nema da abin da ka samu, ya buga maka "Value requested for CONFIG_KPROBES not in final .config". Wannan layin shi ne maganar da olddefconfig ya ƙi yi mana ranar Asabar. Daga yau ba a fara gini sai ya fito babu irin wannan layi ko ɗaya.

Na kunna FTRACE da FUNCTION_TRACER, sai DYNAMIC_FTRACE ya biyo su da kansa. Shi ne nake ganin ya fi muhimmanci ga saba mai aiki. FUNCTION_TRACER yana sa a dasa kira a bakin kusan kowane fankshin na kanel, DYNAMIC_FTRACE kuma yana mayar da waɗannan kiraye-kiraye umarnin wofi lokacin tashi, sai wanda ka nemi a bi kawai ake raya shi. Ba don shi ba, kayan awon da kansu za su zama nauyi.

Juma'a, 15 Nuwamba

An ɗauke wuta ana tsakiyar gini, batirin infata kuma bai riƙe ba. Da aka tayar da janareta gini ya ci gaba, amma ya tsaya wajen haɗawa saboda wani fayil .o da ya mutu a rabi. Na goge shi aka wuce. Fetur ₦4,500.

Abin lura ga gaba: FUNCTION_TRACER yana canza yadda ake harhaɗa kowane fayil, don haka kunna shi yana nufin sake gina komai daga farko. Irin waɗannan canje-canje gara a tara su a yi su lokaci guda.

Asabar, 16 Nuwamba

Fayil ɗin available_tracers yanzu yana nuna function da function_graph. Alhamdulillahi.

Sai ginin perf, wanda yake cikin tools/perf a tushen kanel ɗin. Shi sharuɗɗansa ba a Kconfig suke ba, a kan laburaren da ke cikin injin suke. Ya tsaya yana neman libtraceevent. Da can tana cikin tushen kanel, aka fitar da ita tun 6.2, yanzu sai ka saka libtraceevent-dev da kanka. Akwai hanyar tsallake ta da NO_LIBTRACEEVENT=1, amma idan ka yi haka ka rasa perf sched, ni kuma ina da zargin nan zan fi buƙata. Na saka ta tare da libdw-dev.

Da ajin yamma ya cika na yi perf record -a -g na ɗan lokaci. Sakamakon ya ba ni mamaki: furosesa a zaune take mafi yawan lokaci. A daidai lokacin da yara ke cewa allo ya tsaya, ita ba abin da take yi. Ke nan ba aiki ne ya yi mata yawa ba, jiran wani abu take yi. Na gaya wa Alhaji wannan kaɗai, ya ce, "To kun ga, da tuni mun kai kuɗi Sabon Gari."

Laraba, 20 Nuwamba

Maganar KPROBES, zaɓin da ke ba bpftrace damar leƙa fankshin na kanel yana gudana. A 6.6 ya dogara da MODULES, namu kanel ɗin kuwa da gangan aka kashe masa MODULES. Dalilin dogaron shi ne kprobes yana buƙatar wurin da zai ajiye umarnin da za a iya zartarwa, kuma a wannan sigar daga ɓangaren modul ake samun irin wannan wuri. BPF_JIT, mai ƙara gudun BPF wanda bpftrace ke hawa, ma haka yake, shi ma sai da MODULES.

Abin da ya sa wannan ke ruɗarwa shi ne BPF_EVENTS ya fito a kunne bayan na ƙara BPF_SYSCALL. Sharaɗinsa shi ne a samu KPROBE_EVENTS ko UPROBE_EVENTS, UPROBE_EVENTS kuma ya shigo da kansa tare da FTRACE. Mutum sai ya ga BPF_EVENTS=y ya ɗauka komai ya kammala, alhali ƙofar da yake so ya bi a rufe take.

Wani abokina a Samaru da muke irin wannan aiki tare ya ba ni shawara in shiga arch/Kconfig in goge layin sharaɗin, ko in ƙirƙiri wani zaɓi nawa da zai yi select ɗin KPROBES. Ban yarda ba. Shi select ba ya duba sharuɗɗan abin da ya zaɓa, tura shi kawai yake yi, takardun Kconfig da kansu sun yi gargaɗi a kan haka. Abin da za ka samu shi ne gargaɗin "unmet direct dependencies", sannan ko gini ya karye wajen haɗawa ko ka samu kanel ɗin da ba wanda ya taɓa gwada irinsa. A injin da yara 30 ke zaune a gabansa ba zan yi wannan ba. Sharaɗin nan ba ado ba ne, wani ne ya rubuta shi saboda ya san abin da kod ɗin yake kira.

Na kunna MODULES. Abubuwan da suke a dunƙule sun ci gaba da zama a dunƙule. Don kada ƙofar ta zauna a buɗe, na sa kernel.modules_disabled=1 bayan tashi, wanda ke hana loda kowane modul har sai an sake kunna injin. Na duba da scripts/diffconfig in ga me kuma ya shigo ta bayan fage, ba wani abin damuwa.

Asabar, 23 Nuwamba

Ranar DEBUG_INFO, kuma ita ce ta fi cin lokaci.

Tun 5.18 ba a kunna DEBUG_INFO kai tsaye. Ya koma abin da wani ke zaɓa maka. Kai abin da kake yi shi ne ka ɗauki ɗaya daga cikin jerin sigogin DWARF, tsarin ajiye bayanan gano kuskure: babu, ko DWARF4, ko DWARF5, ko wanda mai harhaɗawa ya saba bayarwa. Jerin kansa kuma ba ya bayyana sai DEBUG_KERNEL yana kunne. Ke nan sarƙar ita ce DEBUG_KERNEL, sai zaɓin DWARF, sai DEBUG_INFO, sai DEBUG_INFO_BTF, wanda shi ma yana neman BPF_SYSCALL a gefe. BTF shi ne taƙaitaccen bayanin tsarin bayanan kanel da bpftrace ke karantawa don ya san abin da ke cikin kowane tsari ba tare da fayilolin header ba.

DEBUG_KERNEL shi kaɗai ba ya ƙara nauyi, buɗe zaɓuɓɓuka yake yi. Amma wasu daga cikin waɗanda ya buɗe suna kunna kansu, saboda haka na sake bin diffconfig layi-layi. PROVE_LOCKING da KASAN na tabbatar suna kashe. Kayan kama kuskure ne masu kyau, amma suna rage gudu sosai, idan ka auna kanel mai ɗauke da su to su ka auna.

Don a rage girman gini na ƙara DEBUG_INFO_REDUCED, nan take merge_config.sh ya ce BTF bai samu shiga ba. Sharaɗinsa ya haɗa da kada REDUCED ko SPLIT su kasance a kunne, domin daga cikakken bayanin DWARF ake tace BTF, idan an rage shi babu abin tacewa. Wannan ne karo na farko da ɗan fayil ɗin nan ya cece mu kafin a ƙona fetur. Na cire REDUCED.

Duk da haka gini ya tsaya a ƙarshe, bayan an gama harhaɗa komai: "pahole (pahole) is not available", sannan "Failed to generate BTF for vmlinux". Wannan sharaɗi ne na waje, pahole manhaja ce mai tace BTF da ake samu a kunshin dwarves. Kanel yana neman aƙalla siga 1.16, idan kuma DWARF5 ne sai 1.21. Na Debian 12 1.24 ne, ya wadatar.

Da aka saka shi sai wata ta taso. Wajen tace BTF injin ya yi nauyi, can sai ga "Killed" da lambar kuskure 137. RAM ce ta ƙare, kanel ya kashe aikin. MariaDB tana riƙe da rabonta, pahole kuma yana son ya ɗauki bayanin gaba ɗaya. Na tsayar da MariaDB, na ƙara fayil ɗin swap na 4 GB, wato wuri a faifai mai tallafa wa RAM, ya wuce a daddafe wajen ƙarfe goma na dare.

Talata, 26 Nuwamba

Na sayo RAM DDR3 mai 4 GB na hannu a PZ, ₦7,000. Yaron ya busa ƙurar hunturu da ta fara taruwa a fanka. Na kunna IKCONFIG da IKCONFIG_PROC don kanel mai gudana ya riƙa nuna tsarinsa a /proc/config.gz, yadda ba sai an yi ta tunanin wane .config aka gina shi da shi ba.

Ƙarin RAM bai taɓa tsayawar allo ba ko kaɗan.

Litinin, 2 Disamba

Yau kayan awon suka biya wahalarsu.

Da aji ya cika na sa bpftrace ya ƙirga kiran vfs_fsync_range bisa sunan mai kira; ta nan kiran fsync yake bi, wato umarnin a tabbatar rubutu ya sauka a faifai. Kusan duka mariadbd ne, kuma adadin yana tashi daidai da yadda yara ke danna amsa. Sai na koma ftrace, na rubuta ext4_sync_file a set_graph_function, na kunna function_graph na 'yan daƙiƙu. Na kira yaron ya zo ya gani da idonsa. A gefen hagu akwai ginshiƙin lokaci, layukan sama duk ƙananan lambobi ne, sai ka gangaro kan blkdev_issue_flush da jiran rubutu ka ga lambar ta yi tsalle, da alamar da ftrace ke sawa a gaban duk abin da ya daɗe. Ya sa yatsa a kan allo ya ce, "Malam, nan ne take tsayawa." Nan ne kuwa.

Bayanin a fili yake. Manhajar gwajin tana ajiye kowace amsa a matsayin aiki guda mai zaman kansa (transaction). MariaDB, da innodb_flush_log_at_trx_commit=1 wanda shi ne asalinta, ba ta cewa an ajiye sai faifai ya tabbatar abin ya sauka. Faifai mai juyi 7,200 a minti yana ɗaukar milidaƙiƙa 8.3 kafin ya zagayo sau ɗaya, ban da motsin allura. Namu kuma ba wannan aikin kaɗai yake yi ba, shi ne yake ba kwamfutocin ɗalibai fayilolinsu. Idan hannu 30 suka danna kusan lokaci guda sai layi ya yi tsawo, furosesa tana zaune tana jira. perf sched ma abin da ya nuna ke nan.

Abokina na Samaru ya ce in mayar da lambar nan 2, matsalar za ta ragu yau-yau ba tare da an kashe ko kwabo ba. Haka ne, amma ma'anarsa ita ce idan wuta ta ɗauke ana iya rasa amsoshin kusan daƙiƙa guda ta ƙarshe. A garin da muka kwana kwanaki babu wuta a ƙarshen Oktoba, da batirin da na ga yadda ya yi ranar 15 ga wata, ba zan ce wa yaro amsarsa ta shiga alhali tana iya ɓacewa ba. Na bar ta a 1.

Asabar, 7 Disamba

Alhaji ya ba da kuɗin SSD mai 256 GB, ₦28,000. Na mayar da ma'ajiyar MariaDB kansa bayan sallar Isha'i, na bar fayilolin tashin kwamfutoci a tsohon faifai. Jimillar abin da aka kashe zuwa yau, da data da fetur da RAM, ya ɗan haura ₦40,000.

Alhamis, 12 Disamba

Ajujuwan wannan mako sun wuce ba wanda ya ɗaga hannu ya ce allo ya tsaya. Na maimaita awon ranar 2 ga wata da umarni iri ɗaya, a aji mai cika iri ɗaya. Kiran fsync yana nan da yawansa, amma manyan lambobin da ke gaban blkdev_issue_flush sun sauka ƙwarai.

Na yanke shawarar kanel ɗin "-auna" shi zai zauna a kan saba, domin ban ga ya rage mata gudu ba, kuma idan wata matsala ta taso ba sai an sake makonnin gini ba. Kwamfutocin ɗalibai za su ci gaba da tsohon mai sauƙi. Fayil ɗin vmlinux mai cikakken DWARF na kwafe shi a filas, ba ya buƙatar zama a kan saba tunda BTF yana cikin kanel ɗin.

Aiki na gaba shi ne gwada auna.config a kan 6.12 da ya fito ranar 17 ga Nuwamba. Tun 6.10 aka raba KPROBES da BPF_JIT da MODULES, saboda haka ina sa ran mu sake kashe MODULES mu riƙe kayan awonmu. Sharuɗɗa suna canzawa daga siga zuwa siga, don haka zan fara da merge_config.sh in karanta duk abin da ya ce bai shiga ba kafin a tayar da janareta. Yaron ne zai yi wannan karon, ni in zauna a gefe. Sai kuma batirin infata, wanda na riga na kai wa Alhaji maganarsa, ya ce a jira kuɗin rajistar Janairu su shigo.